Kare ba ya karanta hasashen yanayi: Alhakin masu hawan tsaunukan Sikotland a hunturu

Daga tsakiyar watan Disamba zuwa tsakiyar Afrilu, hukumar da ke lura da zaftarewar dusar ƙanƙara a Sikotland, wadda ake kira SAIS, takan fitar da rahoto kullum kan yankuna shida na tsaunukan ƙasar: Lochaber, Glencoe, Creag Meagaidh, Torridon, da kuma arewaci da kudancin Cairngorms. Ma'aikatanta kan hau da ƙafa, su haƙa dusar, su duba yadda ta kwanta hawa-hawa, sannan su bayyana girman haɗarin a mataki na ɗaya zuwa na biyar. Tun 1988 ake wannan aiki, kuma duk mai niyyar hawa zai iya buɗe wayarsa ya karanta kafin ya ɗaura takalmi.

Sai dai a cikin masu bin waɗannan hanyoyi akwai waɗanda ba sa karanta rahoton, ba sa riƙe taswira, kuma ba wanda ya tambaye su ko suna son zuwa. Su ne karnukan da iyayen gidansu ke tafiya da su.

Ga wanda ya tashi a ƙasar Hausa, inda kare ke gadi, ko farauta, ko bin garke, abin zai iya zama bambaraƙwai. A Birtaniya kuwa kare ɗan gida ne, kuma hawan dutse da ƙafa babban abin sha'awa ne a wurin jama'a. A Sikotland kaɗai akwai tsaunuka 282 da tsayinsu ya haura ƙafa 3,000, wato mita 914. Ana kiran su da sunan Sir Hugh Munro, mutumin da ya fara jera sunayensu a 1891, kuma akwai dubban mutanen da suka ɗaukar wa kansu hawa dukkansu ɗaya bayan ɗaya. Da yawa suna yin haka ne da kare a gefe. A lokacin bazara wannan ba abin magana ba ne. Hunturu ne ke sauya lissafi.

Ba a buƙatar dokar da za ta hana kare hawa dutse a hunturu, ba a kuma buƙatar a fara cajin kuɗin ceto. Abin da ya kamata ya zama ƙa'ida a wurin masu karnuka shi ne, ƙarfin karen ne zai zaɓi hanya ba burin ubangidansa ba, kuma wanda ba zai iya sauko da karensa da kansa ba idan ya gaza, kada ya hau da shi.

Tsaunukan Sikotland suna da yaudara, domin a takarda ba su da wani tsayi. Ben Nevis, wanda ya fi kowanne tsawo a duk Birtaniya, mita 1,345 ne kacal. Chappal Waddi da ke Jihar Taraba ya haura mita 2,400. Amma Sikotland tana can arewa sosai, kuma iskar Tekun Atlantika a kanta take fara sauka, ɗauke da danshi. A ranar 20 ga Maris, 1986, na'urar da ke ƙololuwar Cairn Gorm ta auna iska mai gudun mil 173 a awa ɗaya, kusan kilomita 278 ke nan. A garin Braemar da ke gindin waɗannan tsaunuka an taɓa samun sanyin da ya kai digiri 27.2 ƙasa da sifili, a 1895, aka sake samu a 1982. A ƙarshen Disamba hasken rana bai cika awa bakwai ba: gari ba ya wayewa sosai sai wajen ƙarfe tara, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma duhu ya fara shiga. Duk mita dubu da mutum ya hau, zafi kan ragu da kusan digiri shida da rabi, ban da abin da iska ke ƙarawa.

A watan Nuwamban 1971, ɗalibai biyar daga wata makaranta a Edinburgh da wata matashiya mai taimaka wa jagorarsu sun mutu a kan shimfiɗaɗɗen saman Cairngorms bayan guguwar ƙanƙara ta rutsa da su a fili. Har yau shi ne haɗarin hawan dutse mafi muni a tarihin Birtaniya. Zaftarewar dusar ƙanƙara ta kashe mutum uku a Buachaille Etive Mor a Janairun 2009, ta kashe huɗu a Bidean nam Bian a Janairun 2013, ta kuma kashe uku a Ben Nevis a Maris ɗin 2019. Wurin da ake kai karnukan ke nan.

Masu kare sukan ce dabba ta fi mutum juriya, tana da gashi, tana da ƙafa huɗu. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Mutum yana tafe ne dusar na kai masa gwiwa, kare kuwa ƙirjinsa da cikinsa ke nutsewa, kowane taku sai ya yi tsalle. Yana gudu gaba ya dawo baya, don haka tafiyar da ya yi ta ninka ta ubangidansa. Idan mai dogon gashi ne, dusar kan dunƙule a tsakanin yatsunsa da hammatarsa ta zama curi-curi kamar tsakuwa, har ta tsaga fata. Idan mai gajeren gashi ne, da zarar an tsaya cin abinci sanyi ya fara cin sa. Ƙanƙarar da ta daskare ta yi ɓawo takan yanke tafin ƙafa kamar kwalba. Sannan ga ƙarafan nan masu haƙora da masu hawa ke ɗaurawa a ƙasan takalmi don kada santsi ya kwashe su: taku ɗaya cikin kuskure a kan ƙafar kare ya isa ya kawo ƙarshen tafiyar, a wurin da mota ba ta zuwa.

Mafi muni shi ne kare ba ya ƙorafi da wuri. Zai ci gaba da bin ubangidansa yana kaɗa wutsiya har sai ƙarfinsa ya ƙare gaba ɗaya, sannan ya kwanta ya ƙi tashi. Maharbin da ya san aikinsa yakan gane gajiyar karensa tun kafin ta kai nan. Mai zuwa dutse ƙarshen mako kawai, hankalinsa na kan ƙololuwa da hoton da zai ɗora a Instagram, ba lallai ya lura ba.

Ana sayar da rigar kare, da ɗan takalminsa, da man da ake shafa masa a tafin ƙafa, da fitilar da ake maƙala masa a wuya. Duk suna da amfani, kuma bai kamata a fita babu su ba. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ke warware babbar matsalar, wato batun igiya.

Idan iska ta daɗe tana kaɗawa ta fuska ɗaya, takan tara dusar ƙanƙara a bakin gangaren da ke ɗaya gefen, dusar ta yi ta miƙewa har ta leƙa waje kamar rumfa, ƙarƙashinta babu komai sai iska. Daga sama ba a gane ta, kamar ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya fara tas. Ƙwararrun masu hawa sukan ba bakin dutse tazara mai yawa saboda ita. Kare bai san da wannan ba. Ya ji ƙanshin zomo, ko iska ta ɗauki hular wani, sai ya ruga bakin. Idan rumfar ta karye ya tafi da ita. Abin da kan biyo baya kuma shi ne ubangidan ya matsa don ya leƙa inda karensa ya faɗa, a kan ragowar rumfar da ta riga ta tsage.

To, sai a ce a ɗaure shi. A kan hanya mai faɗi wannan daidai ne. Amma a gangare mai santsi igiya ita ma ajali ce. Mai hawa a hunturu yana riƙe da ɗan gatarin ƙanƙara, wanda idan ya zame zai kife a kansa ya kafa bakinsa a cikin dusar don ya tsayar da kansa. Wannan aiki hannu biyu yake so, kuma cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ake yin sa kafin gudu ya yi yawa. Wanda igiya ke hannunsa ya rasa hannu ɗaya. Wanda ya ɗaura ta a ƙugu kuwa, kare mai nauyin kilo 25 ya zabura ko ya zame, fizga ɗaya ce za ta raba shi da inda ya taka.

Saukowa daga kan Ben Nevis a ranar da hazo da dusa suka haɗu, sama da ƙasa suka zama fari ɗaya har mutum bai iya bambance tudu da rami, misali ne mai kyau. Masu hawa sun haddace yadda ake yi: daga alamar ƙololuwa a saita kamfas a kan digiri 231, a yi tafiyar mita 150 ana ƙirga taku, sannan a juya zuwa digiri 282. Wanda ya karkata dama zai nufi bakin gangaren arewa, wanda ya karkata hagu zai gangara cikin kwazazzabon Five Finger Gully, inda aka sha asarar rayuka. Mutum na ƙirga taku, idonsa a kan allurar kamfas, safar hannu ta daskare, ga kuma kare na jan sa gefe. Ba sai an yi dogon bayani ba.

Saboda haka, duk wurin da sakin kare haɗari ne, ɗaure shi ma haɗari ne, ba wurin kare ba ne. Ba wata dabarar da ta rage illa a juya. Wannan ya fitar da siraran ƙunya-ƙunyan duwatsu irin su Aonach Eagach na Glencoe, da duk hanyar da sai an kama dutse da hannu, da saman Cairngorms a ranar da ba a gani.

Wani abin da ke ruɗar mutane shi ne labarin karnukan ceto. Kowa ya san hoton ƙaton karen nan na Saint Bernard da 'yar ganga a wuya. Asalinsa daga masaukin matafiya ne da ke mashigin Great Saint Bernard, tsakanin Suwizalan da Italiya, a tsayin mita 2,469. Mafi shahara a cikinsu shi ne Barry, wanda ya rayu daga 1800 zuwa 1814, ana kuma cewa ya ceci mutum sama da 40. Gawarsa na ajiye a gidan tarihi na birnin Bern. 'Yar gangar kam ƙirƙira ce ta masu zane. A Sikotland, Hamish MacInnes, wanda ya kafa ƙungiyar ceto ta Glencoe, shi ne ya je Suwizalan ya ga yadda ake horar da karnuka su gano wanda dusa ta binne, ya dawo ya kafa ƙungiyar karnukan bincike da ceto ta SARDA a 1965.

Aikin waɗannan karnuka ba ƙarami ba ne. Wanda dusa ta binne, idan an tono shi cikin minti 15 na farko, galibi yakan rayu; bayan rabin awa kuwa damar takan faɗi warwas. Kare mai horo yakan shinshino mutum ta iska, ya zagaye filin da zai ɗauki jerin mutane masu sanduna awanni. Amma kafin ya kai nan sai ya shafe shekaru ana koya masa, an gwada shi a cikin tumaki an tabbatar ba ya bin su, 'yan sa-kai sun sha kwanciya a cikin ciyawa da sanyi don ya koyi nemo su, kuma mai riƙe da shi gogaggen ɗan ƙungiyar ceto ne. Karen da ke kwana a kan kujera a Glasgow, ana zagayawa da shi lambu safe da yamma, kamanni kawai suka haɗa.

Ko irin ma ba ya ba da tabbaci. A watan Yulin 2020 wata karya 'yar asalin Saint Bernard mai suna Daisy, mai nauyin kilo 55, ta kwanta ta ƙi tashi a hanyar saukowa daga Scafell Pike, dutse mafi tsawo a Ingila. Sai da 'yan ƙungiyar ceto ta Wasdale su 16 suka ɗauko ta a kan gadon ɗaukar majinyata. Duniya ta yi dariya, an yi ta yaɗa hoton. Amma tsakiyar bazara ce, rana doguwa, ƙasa a bushe, dutsen kuma bai kai mita dubu ba. A mayar da wannan aiki watan Janairu, cikin duhu, a kan ƙanƙara, babu wanda zai yi dariya.

Su waɗannan masu ceto ba ma'aikatan gwamnati ba ne. A Sikotland 'yan sanda ne ke da alhakin tsara aikin, jiragen masu tsaron gaɓar teku masu saukar ungulu kan taimaka idan yanayi ya bari, amma waɗanda ke hawa da ƙafa galibi 'yan sa-kai ne: malaman makaranta, kafintoci, likitoci, makiyaya. Suna barin aikinsu ko gadonsu, ba a biyan su, ba sa kuma karɓar ko kwabo daga wanda suka ceto. Sukan fita saboda kare ma, kuma dalilin a fili yake. Sun san idan ba su je ba, mai karen zai koma shi kaɗai, ko ya ƙi saukowa ya kwana a can, gobe kuma gawar mutum za a je ɗaukowa. Wato duk wanda ya kai karensa inda ya fi ƙarfinsa, ya sa hannu a madadin mutum goma sha da ba su san shi ba.

Wannan ne ya sa duk lokacin da aka yi irin wannan ceto sai a ji masu cewa a hana, ko a ci tara, ko a tilasta inshora. Fushinsu na da dalili, amma maganin nasu zai ƙara ciwo. Dokar gyaran mallakar ƙasa ta Sikotland ta 2003 ta ba kowa 'yancin ratsa kusan kowane fili da dutse, da sharaɗin ya yi hakan cikin sanin ya kamata, kuma ƙa'idojin da suka fara aiki a 2005 sun ce dole kare ya kasance ƙarƙashin ikon mai shi. Babu ƙofa a gindin tsaunuka 282 da za a tsayar da mai gadi. Batun kuɗi kuwa, su kansu masu ceton sun daɗe suna adawa da shi, domin wanda ke tsoron lissafi zai jinkirta kira har dare ya yi, wayarsa ta mutu, sanyi ya gama da shi. Kiran ƙarfe uku na rana ya fi musu sauƙi a kan neman ƙarfe ukun dare.

Inda doka ta riga ta yi magana shi ne kan dabbobin wasu. Tun 2021, wanda karensa ya kai wa dabbobin kiwo hari ko ya tarwatsa su a Sikotland zai iya fuskantar tarar da ta kai fam 40,000, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun. A hunturu tumaki na ɗauke da ciki, kuma gudu kaɗai ya isa ya sa tunkiya ta yi ɓari ko da kare bai taɓa ta ba. A can sama kuma akwai zomon dutse da wata tsuntsuwa dangin makwarwa, waɗanda dukansu kan rikiɗe su yi fari a wannan lokaci. Suna rayuwa ne da ɗan abin da suka tono a ƙarƙashin dusa, duk gudun da aka sa su ƙarfi ne da ba su da inda za su mayar. A Cairngorms har da garken barewar ƙanƙara da wani makiyayi ɗan ƙabilar Sami, Mikel Utsi, ya kawo daga Suwidin a 1952, suna yawo sake a kan dutse. Mai kare ya ce wasa yake yi. Ita barewar ba ta san haka ba.

Batun ya shafi wasu daga cikin masu karanta wannan shafi kai tsaye. 'Yan Najeriya da ke karatu ko aiki a Aberdeen, Dundee, Glasgow da Edinburgh ba su da nisa da waɗannan tsaunuka, kuma abokan aiki kan gayyace su fita ƙarshen mako, sau da yawa da kare a bayan mota. Ganin kare na tsalle a gaba yakan sa baƙo ya ɗauka tafiyar wasa ce. A Fabrairun 2020 ƙungiyar ceto ta Lochaber ta sauko da wasu matasa huɗu daga kusa da ƙololuwar Ben Nevis cikin guguwa, wasunsu sanye da takalman motsa jiki, babu gatari, babu ƙarafan takalmi. Da ƙyar suka sha. Baƙon da aka gayyata yana da haƙƙin ya tambayi mai gayya: me rahoton SAIS ya ce yau, ƙarfe nawa za a juyo ko an kai ko ba a kai ba, kuma idan karen ya gaza wa zai ɗauke shi? Idan amsar dariya ce, gara ya zauna a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayar ƙarshen nan ita ce ma'auni mafi sauƙi. Ana sayar da wata majanya ta musamman da ake goya kare da ita, kuma mai ƙaramin kare zai iya gwadawa a gida ya gani ko zai iya tafiyar awa ɗaya da shi a baya, ga jaka, ga gangara. Mai kare mai kilo 30 ko 40 ya riga ya san amsa, sai dai in tafiyar ta mutum uku ce ko huɗu da suka yi shawara tun daga gida. Kwikwiyon da ƙashinsa bai gama ƙwari ba da tsohon kare mai ciwon gaɓoɓi kuwa ba su cikin lissafi tun farko.

Juyawa ba ta nufin an fasa fita. A gindin Cairngorms akwai dajin Glenmore da hanyoyin da suka zagaye tafkunan Loch Morlich da Loch an Eilein, inda ake samun dusa, itatuwa na tare iska, mota kuma ba ta da nisa. A nan ma sai an riƙe igiya kusa da ruwa, domin tafkin da samansa ya daskare yakan ja kare, kuma hukumomin kashe gobara na Birtaniya na maimaita gargaɗi ɗaya duk shekara: idan kare ya burma, kada mai shi ya bi shi, sau da yawa karen kan fito da kansa, mutumin ne ba ya fitowa.

Wanda abin ya rutsa da shi a kan dutse zai kira 999, ya nemi 'yan sanda, sannan ya ce masu ceton kan dutse yake so. Akwai kuma tsarin aika saƙon tes zuwa wannan lamba a inda sabis ya yi rauni har kira ba ya shiga, amma sai wanda ya yi wa layinsa rajista tun yana gida.